Mile 12 Kasuwa Ce, Ba Lissafi Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Auna Ingancin Takardu,
Kamfanin Saƙo Ya Isa,
Mile 2, Legas.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ofis lafiya, sanyin ofis ma lafiya, ina taya ku murnar taurari biyar da takardar bayanin manhajarku ta samu. An ce ku kuka rubuta, ku kuka duba, ku kuka ba da makin. Madalla. Ko shari'a ce, in mai ƙara shi ne alƙali, ai ba a ɓata lokaci.

Sunana Badaru, dillalin tumatir, mazaunin Agege, rumfata tana kasuwar Mile 12. A wayata akwai irin wakilin nan mai ƙirƙirarriyar basira, ka faɗa masa aiki ya yi. Bai taɓa hawa danfo, bas ɗin hayar Legas, ba. Duk abin da ya sani game da manhajarku ta hayar mota, a takardarku ya karanta, kuma sau da ƙafa yake bin ta.

Ranar Talata motar direba Longji ta mutu a Shagamu da kwando sittin na tumatirin Mama Susanna, manomiya ce a Mangu, shekara tara tana aiko mini da amfanin gonarta bisa amana. Na ce wa wakilin ya nemo wata mota ta ƙarasa da kayan Mile 12. Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami, cikin ladabi.

1. Maƙwabciyata Victoria mai shagon kwamfuta ta buɗe mini takardar taku. Akwai gurbi mai suna "mil", bayaninsa kalma biyu: "adadin mil". Gurbin masauki kuwa kun ce cike shi ba dole ba ne. To, wakili ya ji "Mile 12", ya zuba sha biyu a gurbin tazara, ya bar masauki fayau. Direbanku, mutumin kirki, ya yi tafiyar mil goma sha biyu cif, ya sauke kwando sittin a bakin titi, kusa da mai facin taya, ya kama gabansa. Ranka ya daɗe, a duk ofishin nan babu wanda matarsa ke cefane? Layi ɗaya tak, cewa a Legas akwai unguwannin da ake kira Mile, zai ƙarar muku da tawada?

2. Misali ɗaya ne a takardar, na kai furanni daga wani titi zuwa wani titi a garin da ƙanƙara ke zuba. Muna godiya.

3. Da direba ya sauke, manhajarku ta shaida wa wakili cewa "an kammala cikin nasara". Ba ta faɗi inda aka kammala ba, takardar ma ba ta ce ya bincika ba. Shi kuma ya isar mini da albishir. Na zauna a rumfa tun hantsi har la'asar ina leƙen titin Ikorodu, tumatir yana can yana dahuwa a rana. Nasarar wa ke nan, tawa ko ta ƙudaje?

4. Victoria ta karanto mini yadda kuka auna ingancin: yawan shafuka, tsaftar rubutu, kyawun kanun magana. Ban ji inda aka ba wakili aiki na gaske aka ga inda ya ƙare ba. Mu a kasuwa, sabon ɗan dako ba a auna shi da iya gaisuwa. Ɗora masa kwando ake yi, a ga rumfar da zai kai. Wannan hikimar ta jahilai ce, na sani, amma kyauta nake ba ku.

Ban ga laifin wakili ba. Wanda aka aika da gurgun kwatance, in ya ɓata, mai kwatancen ake tuhuma.

Na kira Mama Susanna na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce Allah ya kiyaye gaba, sannan ta ce kayan mako mai zuwa wani dillali a Ketu za ta aika wa. Wallahi wannan ya fi ruɓewar tumatirin yi mini ciwo. Amanar shekara tara ce ta zube a bakin titi.

Duk da haka ba zan zama butulu ba. Na zaɓi kwandon da ya fi kowanne nuna a cikin sittin ɗin, na aiko muku tukuicin taurari biyar. Ta manhajarku na aiko shi, na ce a kai Mile 2. Bisa takardarku, yana nan mil biyu daga ƙofar gidana a Agege. Ta wane ɓangare, Allah masani. Sai ku tura a bi wari.

Wakili ya tabbatar mini an kammala cikin nasara.

Naka mai biyayya har ƙasa, mai jiran tauraro na shida,

Badaru Ƙasimu,
Tsohon dillalin Mama Susanna,
Agege.