Ranar da Na Sa Aka Sallami Mai Tarakta

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma mutanen Sabiyal, ƙauyen surukina a ƙasar Aliero, su ma ba su da niyyar barina in manta. Maganar ranar da na ce wa surukina ya sallami mai tarakta nake yi, wai ni zan kwashe masa albasarsa da motata. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi, abin haushin kuma shi ne idan na gama zagin kowa da kowa sai in tarar saura ni.

Shagon taki da maganin feshi nake da shi a Jega, rabin cinikina kuma a ƙauye yake. Da damina shiga Jandutsi ko Gehuru sai mota mai ƙarfi, wadda ke ja da ƙafa huɗu, wadda kuma za ta iya jan 'yar tirelar taki a baya. Dalilin da na ba matata ke nan da na ce zan sayi jif ta hannu. (Dalilin da ban ba ta ba shi ne ina son in riƙa sauke baƙin gilashi a hankali ina amsa gaisuwa.)

Matata tana da wa, Garba, makaniki ne a Maiyama. Da ya ji labari har shago ya same ni.

"In za ka saye ka kira ni," in ji shi. "Motar daji ba a sayenta daga tsaye. Sai an kwanta ƙarƙashinta an duba, kuma a kai ta cikin yashi a ga abin da taka iyawa."

Na ce to, amma ban kira shi ba. Garba mutum ne da ko sabuwar allura ka nuna masa sai ya samo mata aibu, kuma kafin la'asar dangi kaf sun ji.

Na same ta wurin wani dillali a bakin titi. Baƙa wuluk, kujerun fata, rufin sama yana buɗewa, har da ɗan firji tsakanin kujerun gaba. A baya ga ƙugiyar jan kaya kamar ni take jira. Ranar farar shadda ce a jikina, to wa zai kwanta a ƙasa? Na zagaya ta sau biyu, na shuri taya, na sa aka buɗe mini inji na tsaya ina gyaɗa kai, alhali da za a ce in nuna inda ake zuba mai da sai na yi canke.

"Alhaji, ka ga maɓallin ga?" in ji dillali. "Kana murɗa shi ƙahwa huɗu sun kama. Ko gulbi ka shiga sai ta hito."

Ya murɗa, wata koriyar fitila ta kama. Shi ke nan gwajin da na yi wa ƙafa huɗu. Muka hau kwalta muka nufi Aliero, sanyi yana dukana, muka juyo, na ce na saya.

Da za mu rabu na buɗe but, wurin kaya na baya, na ga wani ƙarfe mai kauri, tsawonsa ya kai kamu biyu, an naɗe shi a buhu. Na tambaya.

"Ƙarhen motar ne, aje shi kawai," in ji dillali.

Wannan amsa ita ta fi ƙona mini rai har gobe, domin bai yi ƙarya ba. Da ƙarya ya yi da na sami abin kai ƙara. Mutumin banza, ya gaya mini gaskiya daidai gwargwadon yadda ba za ta amfane ni ba.

Ƙarfen nan ya dame ni. Ko ina na taka rami sai ya yi ƙara, ga baƙin maiƙo yana ɓata mini shimfiɗar but. Ranar da na kai wa surukina motar ya sa albarka, sai na tarar da shi yana faɗa da bijiminsa, wai kullum sai ya tumɓuke turken icce. Nan take na ɗauko ƙarfen na miƙa masa. Ya juya shi, ya ga har da wurin zura igiya a kansa, ya yi ta sa mini albarka. Na koma gida ina jin na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sai lokacin kwasar albasa ya zo. Wanda bai san ƙasar Aliero ba, albasa a nan ita ce shekarar gida gaba ɗaya. Ana adana ta ne har ta yi daraja, a ci, a yi sutura, a biya buƙata. Amma idan ruwa ya taɓa ta bayan an cire, ba ta ajiyuwa, ruɓewa take yi. Baba, wato surukina, ya bar tasa ta sha iska a gona, ya shirya da mai tarakta ya kwaso ta gida kafin ruwan farko. Ranar ina wurin, mai tarakta ma ya iso.

"Baba, ku sallame shi," na ce. "Ina da mota irin wannan a ce kun ɗauko haya? Ai abin kunya ne gare ni."

"Malam, akwai yashi ga mashigin can," in ji Baba. "Kuma ka ga gabas ta hwara haɗa rai."

"Baba, motar ga don yashi anka yi ta."

Mai tarakta ya kalle ni, ya kalli motar, ya ja abinsa ya tafi wani ƙauye. Garba, wanda ya zo taya mahaifinsa aiki, ya ci gaba da ɗura albasa a buhu.

Aka aro tirela aka ɗaura a ƙugiya, aka loda kashin farko. Muka taho lafiya har mashigin, wani busasshen rafi mai yashi tsakanin gona da gari. Na tsaya, na sauke gilashi don kowa ya gani, na murɗa maɓalli, koriyar fitila ta kama. Na shiga da bismilla.

Tsakiyar rafin ta tsaya. Na taka mai, tayoyin baya suka hau tonon rami suna watsa wa mutane yashi. Na ƙara takawa, ta ƙara nutsewa. Na kashe maɓalli na sake kunnawa (kamar rediyo). Masu aikin gona suka taru, masu babura suka tsaya, wasu har sun ciro waya suna ɗauka, marasa tarbiyya, maimakon su zo su tura.

"Alhaji, na gaba ba su motsi hwa," wani ya ce.

"Suna motsi, ba ka san mota ba ne," na ce da shi a fusace.

A nan Garba ya tuɓe rigarsa, ya tone yashi da hannu, ya cusa kai ƙarƙashin motar. Bai daɗe ba ya fito. Zai iya jana gefe ya gaya mini a kunne, muna surukai. Ina! Sai da ya karkaɗe jiki, ya gyara murya kamar mai sanarwa a kasuwa.

"Motar ga ba ta da farfelar gaba. Ƙarhen da ka kai ƙarhi ga ƙahwahun gaba, an kwance shi. Hitila kawai ka saya."

Na ce sharri ne. Na ce dillali zai gane kurensa. Na ce wane irin ƙarfe ne ma, a faɗa mini, yau ɗin nan zan je in ƙwato shi. Garba ya ware hannu ya nuna tsawonsa, ya kwatanta kaurinsa, ya ce kowane kai yana da gaɓa mai lanƙwasa.

Baba, wanda tun ɗazu yake tsaye yana kallon gabas, ya juyo a hankali.

"Malam, ko shi ne wanda ka kawo min na ɗaure bijimi?"

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Wani dattijo har zama ya yi a kan yashi. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ita ma motata kawai ta ga damar haɗiyewa. Garba ya ce a je a tono shi ko zai ɗauru, Baba ya ce ai da guduma aka kafa shi, kan ya baje.

Aka kira mai tarakta a waya, ya ce ya yi nisa, kuma yana kan aikin wani. Aka ruga neman amalanken shanu. Kafin shanu su iso iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ni ina cikin mota a kan kujerar fata, ina kallon surukina, mutum mai shekara saba'in, yana gudu da tabarma zai rufe buhunan albasa. Na fita na kama masa, amma ihu ne bayan hari. Albasar kan tirela ta jiƙe, wadda aka bari a gona ma ta jiƙe. Shanu huɗu suka fitar da jif kafin rafin ya kawo ruwa.

Albasar ba ta ajiyu ba. Dole Baba ya kai ta kasuwa a makon, lokacin da kowa ke kai tasa, ya rabu da ita a wulaƙance. Dillali kuwa da na koma masa a fusace, cewa ya yi ai ya ce in ajiye. Na sayi wata farfelar, Garba ya ɗaura, kuma gaskiya motar yanzu tana shiga ko'ina. Na kai wa Baba hatsi da taki don in rage kunya, ya karɓa ya yi godiya, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bana da kwasar albasa ta matso na shirya tsaf, na sa aka wanke mota, na cika tanki, ina jiran a kira ni in wanke laifina. Sai matata ta dawo daga Sabiyal da saƙo.

"Baba na gaishe ka. Ya ce jibi za a kwashe albasa, yana roƙon alfarma guda."

"Ya faɗi ko mene ne," na ce, har na miƙe.

"Ya ce don Allah ka zauna shago."

Na zauna. A nan na gane cewa akwai mutumin da babban taimakon da zai yi wa jama'a shi ne kada ya zo, kuma a wancan gidan ni ne.