Ranar Da Rigata Ta Ƙaryata Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ajiye aiki, rigar jikina ta tona mini asiri a gaban mahaifiyata da uwar ɗakina ba.

Lokacin muna ƙasar waje, maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma ina aiki a ofishin wani kantin yadi da hijabai a wani titin kasuwa da ake kira Jalan Masjid India, ina kula da 'yan kasuwar Kano masu sayen sari. Mai kantin, Kak Ros (Kak a yarensu Yaya ke nan), 'yar ƙasar ce, ga faɗa ga kirki. Da haihuwa ta matso sai ta ƙara mini hutu a kan na doka, da albashi cikakke, bisa sharaɗin in ban dawo ba, zan mayar da kuɗin ƙarin. Na sa hannu ina murmushi. (A lokacin ragwaye nake ɗaukar matan da ke barin aiki saboda jariri. Allah Ya yafe mini.)

Kuɗin kuwa suka tafi a ragon suna da tikitin Umma, da ta zo yi mini wankan jego. Da hutun ya kusa ƙarewa na je duba gidan renon da ke ƙasan benenmu a unguwar Wangsa Maju. Mai renon ta karɓi yaron don gwaji, na riga shi fashewa da kuka. Nan na san ba zan iya barinsa ba, na kuma san ba mu da abin biya.

Na so in je ni kaɗai in roƙi Kak Ros, sai Umma ta ɗauki mayafi ta ce za ta riƙe yaron, ta kuma ga yadi. Ga shi ɗan fari ne, mu kuwa a gidanmu kunyar ɗan fari kamar farilla ce. Ni ce 'yar farin Umma, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, in na yi nisa "waccan". Shi ya sa a gabanta nake shayar da shi ina kallon bango, kamar ɗan maƙwabta aka ba ni. Kada ku ce ai da Turanci za a yi maganar. Umma tsohuwar malamar firamare ce, ba abin da ke wuce ta.

Kak Ros ta sa aka kawo mana shayi. Na ce ba zan dawo ba. Ta cire tabarau.

"Me ya sa? Faɗa mini gaskiya lah." (Su can da wannan "lah" ɗin suke rufe magana.)

Na saci kallon Umma. Na ce jirgin ƙasa na LRT yana cika da safe. Na ce bayana yana ciwo. Har na ce aikin ya fara isata, ga matar da ta kawo mini farfesun kaza asibiti da hannunta. Na ga ranta ya sosu.

"Ba don baby ba ne?"

"Wannan?" na ce, ina ɗage kafaɗa. "Ko kaɗan. Kowa ma zai iya riƙe shi."

Ta mayar da tabarau ta ce to, in haka ne yarjejeniya tana nan, in biya ƙarshen wata.

Daidai nan yaron ya motsa a cinyar Umma ya yi ɗan ƙorafi, ba ma kuka sosai ba. Sai na ji nono ya kawo. Doguwar riga ce ruwan toka mai haske a jikina (ita na zaɓa don in fito kamar babbar ma'aikaciya), ɗan gyalen kuma bai rufe komai ba. Kafin in rungume jaka gabana ya jiƙe sharkaf, gefe biyu, jiƙon yana ƙara faɗi muna kallo mu uku. Na yi fatan ƙasa ta tsage.

Umma ta gyara murya, da Turancinta na gaban allo ta ce, "Madam, ƙarya take yi. In ta zaci ina sallah, kicin take shiga da shi tana kiran sunansa da waƙa. Ko wanka sai ta bar ƙofa a buɗe."

Kak Ros ta yi dariya har da hawaye. Ta zaro mayafi baƙi cikin kayan samfuri ta yafa mini da kanta. Ta ce in riƙa amsa wa 'yan Kanon nawa ta waya daga gida, tana cire kuɗin kaɗan-kaɗan.

"Boleh?" ta ce da yarensu, wato zai yiwu?

"Boleh, Kak," na ce, kaina a ƙasa.

Muka kamo jirgi zuwa gida. Can Umma, idonta a kan taga, ta ce, "Ni ma ta taɓa faruwa da ni. Ina tsakiyar darasi, ke kina gida."

Na ce, "Wani jariri kika ji ya yi kuka, Umma?"

"Ba wanda ya yi kuka. Tuno ki kawai na yi."

Na sunkuya na ja mayafin Kak Ros na rufe fuska, shi ma ya jiƙe. Tun ranar na koyi cewa in zan yi ƙarya in sa baƙar riga, kada kuma in tafi da matar da ta riga ni yin irinta.