Rasuwar Gwauro, Injin da Aka Fara Yi wa Takalmi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da ɗan haushi, ni Basiru mai jirgin fito a Yelwa nake sanar da rasuwar injin kwalekwalena, Gwauro, bayan shekara goma sha tara yana ciyar da gidana.

Marigayin mai haƙuri ne da lodi. Bai taɓa raina buhun albasa ba, bai taɓa ƙyamar akuya ba. Muryarsa ta safe, "kuf, kuf, kurrr", har Shanga an san ta.

Aibinsa ɗaya ne, kabiretarsa na maƙalewa. Wata safiya ya ƙi tashi, igiyar tayar da shi na hannun damana, sai na cire takalmin hagu na zabga masa sau uku don takaici. Ya tashi. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Yau daga Yelwa har Wara ba mai barin gaɓa sai ya yi wa injinsa takalmi uku, ko da jiya aka kwance shi daga kwali. Wai gadon kakanni ne, kakannin da suka ƙare rayuwarsu da filafili. Har wani mai bincike ya zo da biro, na faɗa masa gaskiya, ya ce ban san tarihi ba.

Ciwon ajali ya same shi ranar kasuwar Wara, a tsakiyar tafki, da mutum sha huɗu. Ya yi tari ya yi shiru. Ina duba fulogi sai Inna Dudu mai ƙosai ta ce, "Basiru, ai ba ka yi mishi da ƙarfi ba!" Fasinjoji suka yi wa Gwauro ca da takalma. Wani ya zabga masa takalmin soja. Kabiretar ta ɓalle ta nutse ina kallo. Da kwanon Inna Dudu muka tuƙa, sai magariba muka ga tudu.

Ya rasu ya bar mai shi, da jarka biyu, da mabiya masu yawa da ba su taɓa tambayar dalili ba.

Za a yi jana'iza ran Laraba bayan la'asar a kan sikelin Shamsuddeen mai gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a bakin ruwa. Mutum goma sha huɗun nan kada su wahalar da kansu, sun riga sun yi nasu.