Sa Hannun Dodanniya

"Lafiya lau na wuni, sai dai ganinka da takarda ya ɓata min rana. Miji na kirki da leda yake shigowa."

Da haka Inna ta amsa gaisuwar jikanta, ina gefe ina guga. Ɗan yayata ne, yana aiki a shagon buga takardu, Inna kuma Tsinke take kiransa saboda tsawo ba kauri. Shekara biyu ya kwashe yana rubuta wani wasa da ake yi a kan tebur: mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa ya ɗauki jarumi guda, ɗaya ya riƙa ba da labari, in an zo faɗa a jefa ƙwayar lido, abin da ta nuna shi ne hukunci. Wani shafin intanet ya sa gasa, wanda ya ci za a buga masa wasansa ya zama littafi. Ƙarfe huɗu na ranar za a rufe karɓa, agogon bango kuwa ya nuna uku da kwata.

"Amarya, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji shi. "Hannu kawai za ki sa min a nan."

"Shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi, ban taɓa sa hannu a abin da ban karanta ba. In takardar saki ce miƙo, da gudu zan sa."

"In na sake ki wa zai kwasa?"

"Layi ake yi a ƙofar nan. Jiya ma mai gyaran famfo sau biyu ya dawo."

"Sifanarsa ya manta."

"Da gangan ya manta."

Tsinke ya zauna a bakin gado, ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya, gumi na tsattsafo masa.

"Kwana uku shafin nan yana wasa da hankalina. Shekaranjiya ya ce fayil ya yi nauyi, na rage. Jiya taswira ta fito a kife, na miƙar. Yau kuma wai bangon littafin yana ɗauke da fuskar mutum na gaske, sai mai fuskar ya sa hannu cewa ya amince."

"Fuskar wa?"

"Wata baiwar Allah ce."

"Juyo min da baiwar Allahn."

Na ajiye dutsen guga na leƙa. Fuskar Inna ce sak, tabarau a ƙarshen hanci, da kallon nan nata da ke sa babban mutum ya tuna bai yi aikin gida ba. Ya dasa mata ƙaho biyu, ya liƙa mata fikafikan jemage da wutsiya, ya ɗora ta a kan tulin robobin da ba ta yarda a zubar. A ƙasa an rubuta: Dodanniyar Kogon Robobi. Na yi dariya har sai da na dafa bango.

Inna ta daɗe tana kallo.

"Ƙahon hagu ya fi na dama tsawo."

"Duk abin da ya dame ki ke nan?"

"Na'urar dai ta fi ka tarbiyya. Ka sa min ƙaho, ka sa min wutsiya, duk da haka ta ce mutum ce. Kai da hotonka ka ɗora, ba za ta nemi sa hannun kowa ba, ta ɗauka sandar labule ce."

"Na ji, na gode. Ga biro."

"Riƙe kayanka. Ina bayanin dodanniyar? Ba zan amince da kaina ban duba ba."

Ya miƙa mata shafin da ya bugo a takarda kamar mai miƙa wuya. Ta laluba ƙarƙashin filo ta zaro jan biro. Shekara goma sha biyu da barin aiki, amma biron nan bai taɓa bushewa ba.

"Ƙarfi, shida. Cikin nawa?"

"Ashirin."

"Shida cikin ashirin! Ai faɗuwa ce wannan. Ni da na goya uwarka, na goya ka, kai da kanka kaɗai ya kai buhun siminti?"

"Ran nan murfin kwalba ya gagare ki."

"Tausayin kwalbar na ji. Gudu, biyu?"

"Shi ma alfarma na yi miki. Kunkurun da ke shafi na tara uku gare shi."

"Allah ya shirye ka. Jin gulma daga ɗaki na uku, ashirin." Ta ba shi maki. "Wannan ka yi bincike. Makami, silifas, ba ya kuskure, yana shan kwana. Madalla. Rauninta, in an ce ba ta tsufa ba sai ta saki makami. Ƙarya ne!"

"Wallahi Amarya, yau kamar 'yar shekara arba'in."

"Talatin da takwas," ta ce, tana gyara ɗankwali. Sai ta farga, ta ɗaure fuska, ta soke shidan nan ta rubuta sha tara.

"Me ya hana ki cika ashirin ɗin?"

"Ban taɓa ba ɗalibi cikakken maki ba, ba zan fara a kaina ba."

Sai huɗu saura ashirin ta sa hannu, bayan ya yi rantsuwa zai daidaita ƙaho. Ya ɗauki hoton takardar da waya, ya gyara lambar, ya ɗora. Muka zuba wa allon ido, layin nan yana jan ciki har ya kai ƙarshe. Sai jan rubutu ya sake fitowa: akwai gurbin da ba a cike ba.

"Wanne kuma?" in ji Inna. Ta matso da tabarau. "Yawan rai. Mene ne shi?"

"Kowace halitta tana da lamba. Duk bugun da ta sha a rage, in ta kai sifili ta faɗi."

"Kura goma, ƙaton da ke gadin gada arba'in. Nawa kuma fayau. Malalaci, mantawa ka yi."

"Ban manta ba. Wata shida abokan wasana suna ƙorafi, wai wasan ba ya ƙarewa, dodanniya ba ta faɗuwa. Na zaci shafin zai bar ni in wuce haka."

"To rubuta mana, lokaci na tafiya. Kai da kullum kake tambayar yaushe zan tafi in bar maka ɗakin nan ka zuba kwamfutoci."

"Wannan ai a baki ne." Ya sunkuyar da kai. "Na sa hamsin na goge. Na sa ɗari na goge. Duk lambar da na rubuta sai in ga ana ragewa. Ba zan iya ba, Kaka."

Rabon da in ji ya kira ta Kaka tun yana firamare. Abin ya taɓa ni ƙwarai, na kama ninke rigar da na riga na ninke. Inna ta cire tabarau, ta goge shi da bakin zane fiye da yadda yake bukata.

"Matsa can, ragon banza."

Ta ɗora yatsa ɗaya a kan tara, ta danne, ta ƙi ɗagawa. Gurbin ya karɓi tara guda huɗu a jere ya tsaya.

"Huɗu kacal? Rowa har a na'ura!"

Tsinke ya danna wurin aikawa. Huɗu saura minti shida allon ya koma kore, aka rubuta an karɓa. Ya saki wata ajiyar zuciya, ya faɗa rigingine a kan gadonta.

"Kin kashe min wasa. Da ƙwayar lido ɗaya, sai su shekara suna dukanki."

"Jifa dubu biyu da ɗari takwas da hamsin da bakwai, in hannunsu matsakaici ne." Ta fashe da dariya, ta dungure masa kai. "Yau dai ka ci ni, Tsinke, je ka. Amma ka gaya musu su zo da abin zama, ban shirya faɗuwa ba."