Tsibirin Ɗanliti

Duk Haɗeja babu wanda bai san bakin Ɗanliti ba. Wata uku kacal ya yi a Jidda yana wanke tukwane a wani gidan abinci. Kukun gidan ɗan Filifin ne, shi ke nan fa, Ɗanliti ya dawo masanin ƙasar Filifin. Kullum a majalisar bakin tasha zancen ke nan: "Ku me kuka sani? Ni da na ci shinkafa a Manila!" Manilar da ko a mafarki bai taka ba.

Ana nan sai Alhaji Sambo ya sayo sabon injin gyaran shinkafa, aka turo 'yan Filifin uku su haɗa shi. Alhaji kuwa ko "zo in kashe ka" ba ya ji da Turanci. Ya ce a nemo tafinta: sati shida, ɗaki mai esi a masaukin baƙi, kaza safe da yamma.

Ɗanliti ya ji kaza, yawunsa ya tsinke. Ya taɓa ji a rediyo cewa ƙasar tana da tsibirai dubbai da harsuna fiye da ɗari. Ya lallaɓa wajen direban baƙin, ya ji ashe kowannensu tsibirinsa daban. Ya buga cinya. Duk wanda bai gane shi ba, sai ya ɗora wa tsibiri laifi!

"Alhaji, matsalarka ta fi yadda kake zato," in ji shi. "Mutanen nan ko junansu ba sa ji. In ba ni a tsakani, wannan zai ɗaure, wancan ya kwance, injinka ya kama da wuta."

"Kai ka iya duka ukun?"

"Har da na tsofaffinsu."

Washegari ya ci babbar riga, ya ƙwama tabarau, 'yan majalisa suka biyo shi ɗuu don kallo. Ya tunkari baƙo na farko, ya yi gyaran murya.

"Takalang bungus makatong-tong!"

Mutumin ya yi ƙuri, ya ƙifta ido.

"Af, wannan ɗan kudu ne, na arewa na yi masa," in ji Ɗanliti. Ya juya ga na biyu ya zuba masa wani, ratatata. Shi ma ya yi ƙuri. Na uku, dattijon cikinsu, ya toshe baki yana ƙyaƙyatawa.

"Kun gani? Wannan ya gane. Barkwanci na yi masa."

Bai rufe baki ba, baƙin uku suka juya ga juna suka ɓarke da hira, caa! Suna dariya, suna tafawa, wannan ya yi magana wancan ya miƙo masa sifana.

Alhaji ya sauke carbi. "Ɗanliti, ba kai ka ce ba sa jin juna ba?"

"Faɗa suke yi, Alhaji. Kowa nasa yake yi."

Dattijon ya goge hannu da tsumma, ya matso. "Sannu da ƙoƙari, Malam."

Da Hausa!

"Sunana Rodel. Shekara goma sha biyu na yi aikin hanya a Gusau. Rabin maganarka gaskiya ce. Ni harshen Ilokano na tsotsa, wannan Dodong Sebuwano, wancan Efren kuma Waray. In kowa ya yi na uwarsa, ba za mu ji juna ba. Amma muna da harshen ƙasa, Filipino, shi ake koya mana a makaranta, shi ya haɗa mu. Kamar yadda ɗan ƙabilar Babur da Banufe ke ciniki da Hausa a kasuwarku. Wanda ya kwana biyu a Manila ko gaisuwa zai iya da shi. To, bismillah, gaishe ni."

Zufa ta karyo wa Ɗanliti sharkaf. Tabarau ya zamo har kan hanci.

"Ai... ni na wani tsibiri na koya. Can ciki-ciki. Jirgi ma ba ya zuwa."

"Ikon Allah," in ji Rodel. "Mutum nawa ne a tsibirin?"

Alhaji Sambo ya miƙe, ya kaɗe riga. "Mutum ɗaya ne, Malam Rodel. Ga shi nan yana zufa. Kai direba, kazar nan a ƙara wa baƙi. Shi kuma a nuna masa hanyar tsibirinsa, ta bakin tasha ake bi."