Fitila Mai Hangen Nesa

Wani mutum ne a Shagari yake da tsohuwar a-kori-kura, wadda ba ta tsoron yashi ko taɓo. Aibinta ɗaya: fitilu. Ta hagu ta mutu tun bara, ta dama kuwa sama take kallo kamar mai duban wata.

Ran nan Alhaji Badaru, dillalin albasa, ya kira shi ya ce yana so a riƙa kwaso masa kaya daga fadamar Lambara, a kai Bodinga kafin gari ya waye.

"Amma ka ji ni da kyau," in ji Alhaji. "Hanyag ga duk rami ta. In ka zubam min da buhu guda, Bawa zan ba aikin."

Bawa kuwa maƙwabcin mutumin ne, shi ma mai mota, kullum sai ya tsaya ya yi wa motar gaisuwar mara lafiya. Mutumin ya ji zai iya jure komai ban da wannan. Bai zame ko'ina ba sai shagon Ɗanbaba, mai kayan mota a Bodinga.

Ɗanbaba ya ɗora fitilu biyu a kan tebur. "Wagga tana baza haske nan gabanka, dama da hauni. Ita masu shiga daji ka so. Wagga kau nesa taka jihwa, kamar mashi."

"Wace ta hi tsada?"

"Mai nisan."

"To, mi za ni yi da ta kusa? Abin da ke kusa ai da idona nika ganin shi. Kunna mai nisan."

Aka jona ta da batir. Rana tsaka ce, sai mutumin ya taɓe baki ya ce bai ga wani haske ba.

"Malam, rana ta ad danne ta. Bari duhu shi yi."

"Duhu ai ba wuya."

Ya ɗage babbar rigarsa, ya lulluɓe kansa tare da fitilar, ya ce a kunna. Ɗanbaba ya kunna. Rigar ta yi fari fat kamar an sa wata a cikin buhu. Da ya fito, ya juya wajen tulin tayoyi ya miƙa musu hannu.

"Ɗanbaba, na saya. Ba ni biyu."

"Ga ni nan bayanka, Malam."

Daga nan aka ja shi zuwa wurin mai haɗa wayar mota. Shi kuma ya ba shi shawara a ɗaura su ƙasa-ƙasa, a kuma gyara tsofaffin.

"Bisa kai za ka ɗora su, can ƙololuwa. Tsohhin kau cire wayarsu, kar su sha min batir a banza."

"Kawu, to gabanka hwa?"

"Gabana na san shi. Shekara nawa ina tare da shi?"

Washegari tun kafin kiran salla aka yi lodi a Lambara. Ya kunna fitilu. Haske ya tsallake fadama, ya tsallake gonaki, ya tafi abinsa. An ce a Dingyadi zakaru sun yi cara, wata tsohuwa ta tashi ta saki awaki. Mutumin yana tuƙi yana murmushi, yana hango tsamiyar da sai an yi tafiya mai tsawo za a kai gare ta. Gaban motar kuwa baƙi ƙirin.

Can sai motar ta sunkuya kamar za ta sha ruwa. Buhuna suka bi ta saman kansa ɗaya bayan ɗaya, albasa ta watse cikin rami.

Gari na wayewa sai ga Alhaji Badaru, kuma a motar Bawa. Suka tarar da shi zaune a kan buhu, fitilun suna nan a kunne, suna haska gindin rami. Bawa ya tsuguna ya ce wa motar sannu da jiki.

Alhaji ya daɗe yana duban albasarsa, sannan ya ce, "Kai, bawan Allah. Rami kamar rijiya, ga hitila har biyu bisa kanka, ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi, ranka shi daɗe. Tun daga nesa nig gan shi sarai. Da na iso ne yal laɓe."