Jirgin Garbai da Kwanon Habsu

"Wallahi ran Juma'a a Damagaram zan yi salla, kuma ta sama zan je!"

Garbai ke nan, makaniken Gure, sarkin cika baki, wanda in ya ɗaure noti ɗaya sai unguwa duk ta sha labari. Ya samo moter, wato inji, daga wata motar tsere ta Nasara da ta mutu a dajin Kelle, shi ke nan ya ce jirgi zai ƙera. Moter ɗin kuwa ba irin namu ba ne. Babu fistan a ciki, sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyi, ga turbo a gefe kamar katantanwa. Garbai bai sani ba, don bai buɗe ba. A wajensa buɗewa aikin 'yan koyo ne.

Fukafukai fa? Ya hau ɗakin matarsa Habsu ya kwashe kwanon rufi, ga damina a bakin ƙofa.

"Malam, in ruwa ya zo a ina zan kwana?"

"Matar pilot ba ta tambayar ruwa. Daga Damagaram zan sauko miki da sabon kwanon tol, mai ƙyalli!"

Saura daidaita wuta, wato lokacin da buji, fulogin moter, zai yi tartsatsi. Ka san yadda makanikanmu ke yi: a cire buji, a zura karan gero a ramin, a juya moter da hannu. In fistan ya turo karan sama, nan ake ɗaure delko, mai raba wa buji wuta. Garbai ya zura kara, ya juya. Ƙaras! Moter ya datse shi. Ya zura wani, ya cinye. Haka ya yi ta ciyar da shi kara kamar jaki.

Abokinsa Ɗan Talata direba ya ce, "Garbai, moter ne ko akuya?"

"Rufe mini baki! Fistan ɗin Nasara kunya gare shi."

Da ya gaji, sai ya murɗe delko har ƙarshe. "Wuta da wuri, isa da wuri. Ilimi ke nan."

Ran Juma'a da hantsi Gure ta fito bayan gari. Habsu na tsaye tana kallon rufinta, tana kallon hadarin da ke haɗuwa a gabas, ranta a ɓace. Gogan naka ya sa tabarau da hular sanyi, ya saita hancin jirgi yamma wajen Damagaram, ya ɗaga wa jama'a hannu.

"Mai saƙo Damagaram ya yi magana!"

Ɗan Talata ya wulwula farfela. Moter ya yi tari, ya yi harbi irin na bindiga, sai farfela ta koma juyi da baya. Jirgi ya zabura da gindi! Garbai na kallon yamma, yana ta gudu gabas, yana ihun "Ku riƙe shi!" Ya ratsa garken awaki, ya haye tudun rairayi, ya dira cikin ƙaya, ƙafafu sama.

Kafin a gama zare masa ƙaya, Habsu ta iso da amalanken jaki, ta hau kwance kwanonta, yayyafi na sauka.

"Habsu, bari mana! Saiti kaɗan ya rage."

Ba ta ko dube shi ba. "Ba saiti ba ne, Malam. In ka tashi komawa, ka juya hancin gabas wajen Difa. Da gindi za ka riga kowa isa Damagaram."